Rigar jami'a tana kan kujera

Baban Lwazi,

Na ɗauki mota, sai ka hau ta haya zuwa aiki. Ni zan kai yaron jarrabawar shiga jami'a, kuma kar ka kuskura ka kira shi a waya.

Abin da ka yi jiya a ziyarar jami'a har yanzu yana ci min rai. Ɗalibar da ke zagayawa da mu ta tambayi ɗanka me yake so ya karanta, kafin ya buɗe baki ka cafe: "Likita!" Yaron da da kyar yake tsallake lissafi? A mota ya ce maka, "Baba, ni fa aikin safiyo nake so," sai ka ƙure rediyo. Ko tuwon masarar da na zuba masa bai taɓa ba.

Ɗazu kuma Mama ta bugo daga ƙauye, wai ka ce an riga an ɗauke shi, har ta ɗaure akuyar godiya ga kakanni. Kai ka shirga ƙaryar, kai za ka kira mahaifiyarka kafin a sa wa akuyar nan wuƙa. Ni ba ruwana.

Rigar sanyi mai tambarin jami'a da ka ce ka saya masa tana kan kujera. Ya gwada, ta kai masa gwiwa. Ashe daidai jikinka ka sayo. Sai ka saka, ka je ka zama likitan da kanka.

Nomvula