Farantin Bakin Ƙofa

Hindawiyya, Jidda
20 ga Ramadan

Zuwa ga jikata Latifatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ya azumi, ya karatu, ya sanyin Amurka? Ni kalau nake, ban da gwiwar nan da ta rantse sai ta riga ni shiga kabari. Na ga hotonki, kin rame kamar igiyar shanya. Can ba sa dafa abinci ne?

Tarihin ƙasar da kike, wanda kika ba ni a waya, ya tsaya min a rai. Kin ce da can rabinsu na riƙe bayi, rabi ba sa riƙewa, kuma in za a shigar da sabuwar jiha sai an nemo wata daga ɗaya ɓangaren, don kada ƙuri'a ta rinjaya. Kina faɗa kina tsaki. To adana tsakinki, na gida ya fi wari, kuma ubanki ne ya dafa shi.

Kin san ƙungiyarmu ta zumunta ta nan Jidda, inda kowace unguwa ke da ƙuri'a ɗaya. Unguwa huɗu na bin Hindawiyya, masu cewa wanda aka sayar da iyayensa a hanyar Hajji ba ya cin faranti ɗaya da 'ya'yan gida. Huɗu na bin Bagdadiyya, masu cewa wannan shirme ne. Da yake ba wanda ya taɓa kayar da wani, ba a rubuta komai ba, kowa na zama inda ya ga dama. Sai ga direbobin unguwar Abhur sun nemi shiga, kuma an san Bagdadiyya za su bi. Biyar da huɗu ke nan. Dattawanmu suka ce halas, magana ta ƙare, a raba ƙungiya.

Nan ubanki Usuman ya tashi sulhu. Aka karɓi Abhur, aka tsaga Hindawiyya biyu don ita ma ta samu ƙuri'a ta biyar. Don a ƙara lallashin dattawa kuma, aka rubuta cewa a walimar Sallah za a ware wa "waɗancan" farantinsu a bakin ƙofa. 'Yan Bagdadiyya suka sa hannu, wai don zaman lafiya. Ubanki ya kawo min takardar yana sheƙi kamar ango, an yi masa alkawarin shugabanci.

Na tambaye shi ina ƙawata A'i za ta zauna. A'in da ta yanke masa cibi, wadda muka shekara hamsin muna cusa hannu a kwano ɗaya. Ya ce wai Umma, ai shinkafar iri ɗaya ce.

Ki riƙa cin sahur, don Allah.

Kakarki mai ƙaunarki,
Mastura

Hindawiyya, Jidda
4 ga Shawwal

Latifatu 'yar gidana,

Barka da Sallah, da fatan kin sha ruwa lafiya, ke da abokan zamanki. Gyara zama ki ji aikin kakarki.

Na je walima da sabuwar abaya. Na tarar da A'i da wasu mata shida a tsugune kusa da takalma, kanta a ƙasa. Na jingine sandata na zauna gefenta. Matar Alhaji Zaharaddeen, babban dattijon Hindawiyya, ta taso wai Hajiya kin ɓata wuri, yalla taso. Na ce wurina ke nan. Sa'annan na ɗaga murya yadda maza za su ji ta bayan labule, na ba su labarin da ko ubanki ban taɓa ba shi ba. Uwata tana 'yar shekara tara kawunta ya sayar da ita a garin Sawakin na bakin teku don ya samu shiga jirgin ruwa. Ya yi Hajjinsa, ya koma gida ana ce masa Alhaji.

Na zaci kunya za ta sa su yaga takardar. Kwana biyu suna taro, sai suka fito da sabon sulhu: daga yau bauta ta wajen uba kaɗai ake duba ta. Su da suka sani sarai da can uwa ake bi. Ni da Usuman mun tsira, A'i kuwa, da yake ubanta ne aka sayar, tana nan bakin ƙofa. Hannu goma cif aka ɗaga.

Abin da ya fi ƙona min rai, A'i ce ke roƙona in haƙura, wai kada a ce ta raba uwa da ɗa.

Ɗazu sabon shugaba ya shigo yana murmushi, wai Umma na wanke ki. Na ce daga me? Uwata ba ta sayar da kowa ba. Na ce ya zaɓa: ko ya yaga takardar nan a gabana, ko ya rubuta sunana a jerin 'yan bakin ƙofa da hannunsa.

Sai ya zaro biro, Latifatu, ya rubuta. Rubutu mai kyau kuwa, ni na kai shi makaranta ya koya.

A'i na gaishe ki. Allah Ya tsare min ke, Ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Taki har kullum,
Mastura