Shekarun Gamsheƙan Baba

Alƙahira, 3 ga Maris

Yaya Bahiyya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Shekara biyu ke nan mijina Ra'afat yana ɗibar jinin gamsheƙan da Baba ya kiwata ya ba shi, yana auna sinadarin furotin da ke cikin ruwan jinin, amma sakamakon ya ƙi zama: wannan sama, wancan ƙasa. Shugaban cibiyar bincikensu ya ce in wata ya ƙare babu bayani, za a rufe aikin. In an rufe, Kuwait zai tafi koyarwa, shi kaɗai, har shekara uku. A littattafaina na soyayya miji shafi biyu yake yi a tafiya ya dawo. Ni da me zan cika shekara uku?

Ƙanwarki,
Nawwara

Alƙahira, 27 ga Maris

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kewarku. Ki ce wa Mama ta rangaɗa guɗa.

Ran Talata na kai masa wake da gurasa wurin aiki. Ina leƙa akwatunan macizai sai ga gamsheƙan nan Basha da tabonsa na wuya, na gaishe shi da suna. Ra'afat ya ce, "Uwar soyayya, har macizai kike aurarwa?" Na ce ya girmama shi, shekararsa tara. Ya yi dariya, wai a takardarsu uku ne, don da tsayi suke ƙiyasta shekaru. Ba su san Baba yana rage wa mai faɗa abinci don kada ya yi girma ba!

Kin tuna duk macijin da aka ƙyanƙyashe a tulun Baba, sunan jarumin littafin da nake karantawa nake sa masa? Kuma ba na sayen littafi ban rubuta kwanan wata a bangonsa ba. Na kwaso littattafan cikin kwali, na gane macizai goma sha huɗu, muka jera su daga ƙarami zuwa babba. Yaya, sai lambobin awon jinin suka bi layi: maciji na tsufa, wani furotin na ƙaruwa, wani na raguwa. Ra'afat ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na zuba.

Jiya shugaban ya sa hannu, an ƙara musu shekara biyu, kuma da sunana a takardar. Ku zo ran Juma'a. Ki gaya wa Baba surukinsa na nan, babu inda za shi.

Taki har kullum,
Nawwara