Abin da Ya Fitar da Ni Daga Siton Babanki

Greenock, Laraba da hantsi

Ishbel, sanyin idanuna, ranar da ke ɓullowa bayan ruwan kwana uku, ke da muryarki ta fi kukan dinyoyin farko na Oktoba daɗi a kunnen ɗan tsibiri, ke da nake ambaton sunanki a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu,

Kwana huɗu ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Na ga kiranki har sau bakwai. Na ga saƙonki: "Struan, me muka yi maka?" Duk karantawar da na yi masa sai yatsuna su yi sanyi kamar na tsoma su a ruwan tashar jirgi. Ba ku yi mini komai ba, ke da babanki. Ni ne na shigo muku da ƙarya, wata goma ina dakonta, ranar Asabar kuma ta yi mini nauyin da na kasa tsayuwa da ita a gabanku.

Kin tuna abin da kika ce mini a waya? "Ka bar motar nan a Kennacraig, ka hau jirgin ruwa zuwa tsibirinmu da ƙafarka. Kullum kai ne direba, kullum lemo. Wannan karon ba ka da hujjar ƙin ɗanɗana giyarmu." Na yi dariya, kin ji ni. Abin da ba ki gani ba shi ne, da na kashe wayar sai na zauna a kan akwatin kayan aiki, tsakanin injinan jiragen mutane, na kusan awa guda ban taɓa sifana ba.

Duk da haka, wace safiya ce ta kai ta Asabar ɗin nan kyau! Na tsaya cikin baƙi goma sha biyu a masana'antarku ta giyar wuski ina kallonki cikin koriyar rigar aikinki, iska na wasa da gashinki kamar yadda take wasa da ciyawar gaɓa. Kika kai mu daɓen da ake shanya sha'ir ya yi tsiro, kika miƙa mini shebur na katako, kika ce wa baƙin, "Mutumin nan injin jirgin ruwa yake gyarawa, amma ku ga yadda shebur ke neman kayar da shi." Suka yi dariya, ni ma na yi, don da za ki ce in juya daɓen nan kaf da cokali, da na tambaye ki ta wace kusurwa zan fara. Muka wuce ta murhun da ake ƙona baƙar ƙasar fadama, hayaƙin da na daɗe ina shaƙa a wuyan rigarki ban san gidansa ba. Muka shiga ɗakin tukwanen jan ƙarfe masu wuyan zalɓe, zafinsu ya sa kumatunki suka yi ja, kika ɗora hannu a kan ƙarfen gefe kika ce, "Sha'ir, ruwan rafinmu, yis, sai haƙuri. Ba ma gauraya namu da na kowa." Kin faɗe shi kamar mai gabatar da danginta. A nan na gane cewa wurin nan ba wurin aikinki kaɗai ba ne, jininki ne.

Da aka zaunar da baƙi don ɗanɗano, kika ja hannun rigata. "Kai ba a nan za ka sha ba. Baba na jiranka."

Siton nan na bakin teku, Ishbel. Duhu, danshin ƙasa, ganguna jere har inda ido ya gaza, da wannan iskar mai zaƙi da nauyi wadda ke ba ki ma jin ta. Ni tun daga bakin ƙofa ta kama ni a maƙogwaro. Babanki ya fito daga tsakanin ganguna, shekara arba'in da ɗaya na aikin sito a kafaɗarsa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ɗan Greenock ɗin? Yadda take ba da labari na ɗauka sai ka sunkuya za ka shigo." Ya kai mu can ƙurya, ya bugi wata tsohuwar ganga da guduma har toshiyar ta yi tsalle, ya zura bututun tagulla ya ɗebo.

"Da hannuna na cika ta, shekara ashirin da shida ke nan," in ji shi. "Manyan baƙi ma ba na kawo su nan. Wancan kuwa," bai ambaci sunan tsohon mijinki ba, "ko ƙamshinta bai ji ba."

Ya miƙo mini kofin. Kika dube ni fuskarki tana haske kamar teku da rana tsaka. Na karɓa. Na kai shi hanci. Zan gaya miki abin da ya fi komai ba ni kunya: ba ƙyamarsa na ji ba. Son sa na ji. Bakina ya cika da yawu, hannuna ya san hanyar da zai bi ba tare da ya nemi izinina ba, wata murya da na yi zaton na binne ta ce mini kurɓi ɗaya ne, don girmama dattijo ne, don Ishbel ne. Na san muryar nan. Ba ta taɓa tsayawa a ɗaya ba. Shi ya sa na ajiye kofin a kan gangar, na ce ku yi haƙuri, na fita. Na ji kina kirana. Da na waiwaya, da na koma na ɗauka.

Ni mashayi ne, Ishbel. Shekara shida da wata biyu ban kai ko ɗigo bakina ba, amma irina ba ya cewa ya warke. Ranar da na yi shan ƙarshe ita ce ranar da muka binne mahaifiyata. An ba ni igiyar farko ta sauke akwatinta, matsayin babban ɗa, maye ya hana ni tsayuwa a bakin kabari. Ƙanwata ta zare igiyar daga hannuna a gaban dukan mutanen cocinmu. Sai da ta shekara biyu kafin ta bar ni na sake ɗaukar 'ya'yanta.

Za ki ce me ya hana ni faɗa tun farko. Na zo da niyyar faɗa a haɗuwarmu ta uku, ranar da muka zauna a kan katangar tashar Tarbert muna cin kifi da dankali a takarda, tsuntsayen teku na yi mana bara. Maganar tana kan harshena kika fara ba ni labarin aurenki: yadda kika koyi gane irin daren da za ki kwana daga ƙarar makulli a ƙofa, yadda kika riƙa tsintar kwalabe a cikin takalman ruwa. Kika goge yatsunki kika ce, "Na gama da mashaya, Struan. Ko da fukafukai ya zo, ya wuce gaba." Na haɗiye maganata tare da kifin. Na ce bari sai ta san ni. Da kika san ni kuma sai na ce bari sai ta ƙara sona. Ashe duk ranar da na ƙara, bakin ramin nake faɗaɗawa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ina zaune a tashar Port Askaig ina jiran jirgin yamma, ruwa na dukana, sai ga tsohuwar motar babanki. Ya fito da rigar sanyina da na manta a ofishinku, ya jefa mini ita a cinya, ya zauna a gefena yana kallon ruwa. Na shirya wa zagi. Sai ya ce, "Shekara nawa?"

Na ce, "Shida, Mista MacAffer."

"Ƙanina ya yi tara," in ji shi. "A bikin wani aka matsa masa ya karɓi kofi don kada ango ya ji haushi. Bai ga bazara biyu bayan nan ba." Ya juyo ya dube ni. "Na ga yadda ka riƙe kofin nan. Da na sani ban ɗebo ba. Ita ta sani?"

Na girgiza kai.

"To a nan ka yi laifi, ɗana, ba a sitona ba. Na bar ta tana kuka a bayan ganguna, tana tsammanin danginta ne ba su yi maka ba. Ba daga bakina za ta ji ba. Na ba ka mako guda. In ba ka faɗa ba, kada ka sake taka tsibirin nan, ko da injin jirgin ceto ne ya lalace."

Ya tashi ya tafi. Cikin jirgin akwai wurin shan giya, kin sani, dab da matakala. Awa biyu na yi a waje ina riƙe da ƙarfen gefe har muka isa Kennacraig. Ban shiga ba. Ina so ki san wannan ma.

Yanzu ga ni, ya furen kan dutse, ya ruwan rafin da ba ya ƙafewa, ban san me zan tarar a idonki ba. Wanne zai fi miki ciwo, abin da nake ko ɓoyewar da na yi? Za ki koma kina sauraron ƙarar makullina? Kin ce in dawo tsibiri mu zauna, akwai jiragen masunta da ke neman mai gyara. Zan iya rayuwa a garin da iskarsa kanta ke ɗauke da abin da nake gudu? Ban sani ba, kuma na daina ba ki amsar da ban tabbatar ba. Ba zan taɓa ce miki ki bar aikinki ba. Wanda ya ga yadda kika ɗora hannu a ɗakin tukwanen nan ba zai nemi haka ba. Har hasashen iska nake bi kamar masunci, don sun ce za ta tsananta gobe, in jirgi bai tashi ba wasiƙar nan za ta kwana a buhu. In ban ji daga gare ki ba zuwa Juma'a da yamma, zan kira ki in faɗa da bakina, ko da muryata za ta watse.

Ba zan rantse miki cewa ba zan taɓa sha ba har abada. Wancan ya rantse miki sau nawa? Alkawarina na yau ne kawai, kowace safiya ina sabunta shi. Abin da zan iya ɗaure kaina da shi shi ne wannan: ranar da ƙafata ta fara rawa, ke za ki fara ji, kafin kwalba ta ji.

Saura ƙarya ɗaya in sauke. Ƙwallon da na ce miki ina bugawa kowace Alhamis da yamma, babu ita. Ɗakin bayan wani coci nake zuwa, mu mashaya kusan ashirin, mu zauna a da'ira kowa ya faɗi gaskiyarsa. Alhamis ta farkon wata ana barin mutum ya zo da nasa. Shekara shida ina kallon mutane suna shigowa da matansu da 'yan'uwansu, ni ban taɓa kawo kowa ba. Kujerun na roba ne, shayin kuma ba shi da daɗi ko kaɗan. Zan ajiye ɗaya kusa da tawa. In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba, kuma wata mai zuwa zan sake ajiyewa.

Naki, ko kin buɗe mini ƙofa ko kin rufe, muddin ina numfashi,

Struan