Ba Dole Ki Zama Nas Ba, Jacinta

Fatakwal,
Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Jacinta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina addu'a wasiƙar nan ta same ki lafiya, karatu yana shiga, abincin makaranta kuma bai ƙarasa ramar da ke ba. Mu nan da sauƙi. Ruwan saman Fatakwal ne dai bai san damina tana ƙarewa ba, gwiwata kuma takan ba ni labarinsa tun kafin ya sauko. Antinki Beatrice ta warke daga zazzaɓin, har ta koma yi mini faɗa. Ɗan'uwanki Derrick ya shiga ƙungiyar mawaƙa a coci, muryar dai sai addu'a.

Ranar da kika kira ni janareta yana ruri a kaina, rabin maganarki na ji, shi ya sa na zauna rubutu. Abin da na kama shi ne, kin kusa gama kwaleji, mamanki tana jira ki wuce makarantar nas, ke kuma ba ki san ko kina so ba. Wata rana koyarwa ke burge ki, wata rana kiwon aladu irin na ɗan'uwanmu Dogara a Katsit. Kuma kina tsoron taron gida na washegarin Kirsimeti a Manchok, inda za a tsayar da ke a gaban kowa a tambaye ki.

Halin gidanmu ne, 'yata. Mukan raɗa wa yaro aiki tun bai iya wanke hannu ba. Ke ƙafar kaza kika ɗaure da tsumma, shi ke nan kika zama Nas. Ni rediyon Baba na kwance, ban ma iya mayar da shi ba, na zama Injiniya. Sunan ya ja ni har aikin jirgin ƙasa a Kafanchan, jirgi ya yi ta raguwa har muka zauna muna gadin tsatsa. Ga ni yau da furfura ina gyara janaretan mutane, a garin da ba mai gaishe ni da yarenmu. Ba wanda ya taɓa tambaya ta ko ina so. Amma in faɗi gaskiya, aikin ya ciyar da 'ya'yana, tsofaffin nan kuma ba mugunta suka yi ba. Fartanya kawai suka sani, suna so mu fita daga rana.

Na kira 'yar'uwata, mamanki Faustina. Ta ce duk zumuntar mata ta coci Maman Nas suke kiran ta, da wane ido za ta dube su. Na ce mata ai ba zumunta ba ce za ta riƙa wanke gyambo a asibiti. Ta ce tun muna yara bakina ba shi da birki, sai kuma ta fashe da dariya. A ƙarshe ta yi alkawari ba za ta amsa a madadinki a taron ba.

To ga tawa shawarar. Idan an yi hutu, ki bi Anti Emilia asibitin da take aiki, ki ga abin da idonki. Ranar Alhamis kuma ki bi Dogara kasuwar aladu, ki sa tsohon takalmi. Ki lura da inda kika dawo a gajiye amma bakinki ya ƙi daina ba da labari. Idan har ranar taro ba ki yanke ba, ki ce ba ki yanke ba tukuna, wannan ma amsa ce. Ni ba zan samu zuwa ba, ogana bai san Kirsimeti ba, amma ki kira ni ki ɗora wayar a kan benci. Idan Kawu Azariya ya fara dogon wa'azinsa, ki bar ni da shi. Barista muke kiran sa tun yana firamare, yau citta yake sayarwa a Kachia, kuma duk gidanmu ba wanda ya kai shi tumbi.

Ki gaishe da mamanki, da Kaka Zipora, da Leonard, da Nathan in ya ga damar amsawa. Ubangiji ya ba ki hikima, ya kiyaye ki.

Naki,
Kawu Gershon