Baitin Baba a Ajin Latin

Assalamu alaikum Baba,

Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna. Ya ƙafar taka? Mu nan Wangsa Maju, a Malesiya, lafiya lau, sai ruwan sama kullum da yamma.

Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe suna karanta dogayen waƙoƙin yaƙi na Latin. Ma'anar suna ganewa, amma karin ya gagare su, kunnensu ba ya raba doguwar gaɓa da gajera. Har shugabar makaranta ta fara zancen rufe ajin. Ban faɗa maka ba ne don kada ka damu.

Ranar Talata dabara ta ƙare mini, sai na rera musu baitinka na damina, ina buga tebur yadda kake buga gwiwa. Wata yarinya, Siew Ling, ta ce, "Malama, sake!" Na sake. Ta ɗora baitin Latin a kan bugun, ya zauna daram, sauran suka bi. Shugabar ta zo ta saurara, ta bar mana ajin har baɗi.

Yanzu sun matsa sai sun ji mai waƙar. Don Allah ka sa Yahuza ya ɗauki muryarka a waya ya turo. Kada ka ce ta tsufa, Baba. Ni ma ina marmarin jin ta.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Firdausi