Awon da Aka Yi Miki a Fabrairu

Yazoo City, Mississippi
9 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Lavonne,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Cleotis da jikokina, Ya kuma tsare ku daga sanyin Milwaukee da na ji har yanzu bai sake ku ba. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi, na koma kujerata ta gaba a coci. Ƙanenki Roosevelt ya gyara rufin baranda, ko da yake sai da na yi masa magana sau huɗu. Gwaggonki Pearline tana nan, kullum tana kewar mijinta, amma tana cin abinci.

Na zaɓi in rubuto miki ne domin a waya kin iya sauri da magana har mutum ya amsa abin da bai gane ba. Sau uku kika kira ni cikin mako guda, ke da nakan yi wata ban ji muryarki ba. Tun a kira na biyu na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Bari in maimaita abin da kika faɗa, kada gobe ki ce tsohuwa ba ta fahimta ba. Kin ce likitoci za su yi miki tiyatar rage tumbi saboda ƙiba. Kin ce kamfanin inshora ba zai amince ba sai kin je wurin likitanki wata shida a jere, yana auna ki yana rubutawa, kuma kin tsallake Fabrairu saboda kin zo jana'izar mijin gwaggonki. In suka ce a sake ƙirga daga Maris, sai Agusta za ki gama, a watan da za a rufe masana'antarku, inshorar ta tafi tare da aikin. Don haka kike so in roƙi Dakta Boykin, tunda shi ne likitan gidanmu tun kina goye, ya rubuta cewa ya auna ki a Fabrairu, har kika faɗa mini nauyin da zai sa a takardar. Kika ƙara da cewa kada in bari ya tsaya binciken tsofaffin fayil, ya rubuta sabuwa kawai.

Lavonne, shekara talatin ina koyar da yara a makarantar Lahadi kada su yi shaidar zur, yau 'yar cikina ce ta aike ni in sayo mata ita. Kwana biyu ina juya maganar. Na fara zargin Cleotis, domin ban manta ba'ar da ya yi miki a gaban mutane ranar jana'iza ba, da ya ce a ba ki kujera biyu. In shi ne yake tura ki ƙarƙashin wuƙa don ya sami matar nunawa, ki gaya masa ya fara duba nasa tumbin.

Ranar Talata na je asibitin. Ban roƙi komai ba, na dai zayyana wa Dakta Boykin saƙonki yadda kika ba ni. Ya cire tabarau ya ce shekara arba'in yana aiki bai taɓa sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba, ba zai fara da furfura ba, ko da don 'yar Ernestine ce. Na ce masa da ya amsa, da a ranar zan canza likita. Ina shirin tashi sai Odessa, ma'aikaciyar jinyarsa, ta leƙo ta ce ai mu duka biyun tsufa ya cinye mana kai. Ta ce wace Lavonne ce ba a auna ba? Ta tuna mana ranar da kika kawo ni awon jini, kwana biyu bayan jana'iza. Kin san halin Odessa, ko mai kawo wasiƙa ya shigo sai ya hau sikelinta. Ta ce tana ganin kumburin ƙafarki ta ja ki ciki lokacin da nake ɗakin ɗibar jini, ta auna ki, ta ɗaura miki abin gwajin hawan jini, likita kuma ya zaunar da ke ya yi miki faɗa a kan abinci. Duk an rubuta, da kwanan wata.

To, a nan ne raina ya ɓaci. Ni ban sani ba, amma ke kin sani. Akwai takardar gaskiya a ajiye, kika tsallake ta kika nemi ta ƙarya. Da na faɗa wa likitan nauyin da kika ce a rubuta, sai Odessa ta yi wani tari da na gane ma'anarsa. Mako guda kika yi kina cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara a gidan makoki, na san sikelin bai yi miki ladabi ba. Kin ji tsoro kamfanin ya ga kin ƙaru ya ce ba ki da himma. Dakta Boykin ya ce wannan kuskuren ya sha ganinsa. A iya saninsa, abin da suka fi dubawa shi ne ko mutum ya zo wurin likita kowane wata, kuma ko jikinsa yana bukatar aikin da gaske. Ya ce mai rage wa kansa nauyi a takarda yana iya rage wa kansa hujja, in kuma aka kama ƙarya, an rufe ƙofar gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yata.

Na ce ya nuna mini shafin. Ya ƙi, wai doka ta hana, kin girma, sirrinki naki ne. Na ce ni na haife ki. Ya ce ya sani, yana wurin. Sai ya daina raha ya ce, ba zai faɗa mini lambar da awon ya nuna ba, amma in ina da niyyar hana ki wannan tiyata in ajiye niyyar. Kin san ina da ita. Ni a ganina Allah bai yi tumbi don a yanke shi ba, kuma da na shirya miki wa'azi mai tsawo a kan kame baki. Amma na san fuskar mutumin nan. Irinta ya yi mini shekarar da mahaifinki ya faɗi a gona bai tashi ba.

Ga takardar izini na sako miki. Ki sa hannu ki mayar wa Dakta Boykin kafin Juma'a mai zuwa. Zai aika wa likitanki na can shafin yadda yake, ba ƙari ba ragi, ya kuma kira shi su yi magana, domin likitanki ne zai haɗa komai ya rubuta wa kamfanin. Bai yi alkawarin za su karɓi awon wani asibiti ba. Ya ce zai matsa iyakar ƙarfinsa, sauran na Allah ne.

Ni kuma abu ɗaya nake so. Ki ɗauki biro ki rubuto mini abin da aka gani a gwajin hawan jininki ranar nan, da kanki, ba a waya ba. In sun sa ranar tiyata ki sanar da ni da wuri, zan zo in zauna a bakin ƙofar ɗakin. Na binne miji ban san yana ciwo ba, ba zan yarda a sake yi mini haka ba.

Ki gaishe da Cleotis, duk da haka. Ki gaishe mini da Tamika da ƙaramin Otis, su riƙa zuwa coci. Pearline da Roosevelt suna gaishe ki, Odessa ma ta ce in gaishe ki.

Mahaifiyarki mai yi miki addu'a,
Ernestine Gholston