Birkin Bayan A-kori-kura

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da yara da jikoki, da fatan kuna lafiya. Na san kunnenka ya daina shiri da waya, shi ya sa na koma takarda.

Tun rasuwar baban yara ni nake tuƙa a-kori-kurarsa, ina kai ƙwan kajinmu shaguna. Inji lafiya lau, birkin baya ne matsalar. Irin na da ne, mai ganga, in an yi ruwa sai ka ce babu shi. Shekaranjiya a gangaren gada na taka, na sake takawa, motar ba ta tsaya ba sai da ta sumbaci bayan wata tifa. Ni ban ji ciwo ba, ƙwai dai sun tashi aiki.

Da babban ɗanka na wajena ya ji, ya kira ni yana faɗa: "Mama, a sayar da akwalar nan da kajin, ki dawo wurinmu." Na ce, "In zo in yi me?" Ya ce, "Ki huta." Yaya, hutun nan nake tsoro.

Jiya na buɗe rumfar da marigayi yake ajiye kayan aiki. A ƙarƙashin benci na tarar da kwali, a ciki da faranti biyu na birkin zamani da duk tarkacensu, ko ledar ba a yage ba. Ashe ya saya zai canza, ciwo ya riga shi. Makanikan unguwarmu sun ce ba aikinsu ba ne, ɗaya ma dariya ya yi mini. Don Allah ka zo ka ɗaura. Ɗakin baƙi yana nan a share.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kowa ƙalau. Sannu da arziki, a gaida tifa.

Zuwa ba zai yiwu ba yanzu, abubuwa sun yi mini yawa. Amma ke da kika tashi a garejin Baba kina miƙo mini sifana, me za ki nema wurin masu dariya? Ke za ki yi.

Ki tokare tayoyin gaba da dutse. Ki ɗaga baya, ki sa kututture a ƙarƙashi, kada ki kuskura ki amince wa jak shi kaɗai. Ki cire taya, ki buga gangar da guduma har ta saki. Duk abin da ke cikinta ki kwashe. Sai kin zaro sandar aksil kafin tsohon murfin da ke bayan gangar ya fito, kuma mai zai zubo, ki tara kwano. Daga nan ki ɗaura mariƙin ƙarfen da ke cikin kwalin, ki zura faranti, ki kafa kalifa, wato bakin nan da ke cizon farantin. In noti ya yi gardama, ki jiƙa shi da mai ki je ki sha shayi. Noti kamar mijinki ne, Allah Ya jiƙansa, ba ya son a matsa masa.

Ki rubuto mini duk abin da kika gani, kada ki rage komai.

Sai na ji ki.
Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka tashi lafiya. Rubutunka ya zama kamar kaza ta bi ta kan takarda, da ƙyar na karanta.

Na yi yadda ka ce. Gangar dama ta fito salin-alin, ta hagu kuwa sai da na yi mata kuka. Tsatsa ta cika mini ido, farcena biyu sun karye. Ina kwance a ƙarƙashin motar, sai na miƙa hannu baya na ce, "Ba ni ƙaramar sifana." Na daɗe da hannu a miƙe kafin na tuna ni kaɗai ce a gidan. Na fito na ɗauko abata.

Komai ya ɗauru, faranti suna ta ƙyalli. Saura fitar da iska daga man birki, kuma ka san aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka feda, ɗaya yana kwance ƙaramin notin iska da ke jikin kalifa. Layinmu da rana babu kowa sai ƙofofi a kulle. Na roƙi mai shagon da ke kwanar layin, ta zo ta zauna ta taka, tana ta duba waya. Can ta ce, "Mama, na bar shago a buɗe," ta tafi. Har yanzu feda nutsewa take yi kamar soso. Na sake, na sake, man birki har ya kusa ƙarewa.

Ƙwai sun taru a ɗaki, tire kan tire. Yaron ya ce ƙarshen wata zai zo da mai saye, ya ce, "Kin gani ko, Mama? Har kin ƙarasa ta." 

Wane irin aiki ne wannan da ya fi ƙarfin ka leƙo ƙanwarka? Ranar rasuwa ma saƙo ka aiko. Ban yi magana ba, amma abin yana raina.

A gaida mutanen gida.
Ƙanwarka

Auta,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na jima ban amsa ba, rubutun ne yake cin lokaci, da hagu nake yi.

Babu wani aiki. Kafin mijinki ya rasu, na faɗi a gareji da sifana a hannu, ɓarin dama ya shanye. Na hana yara gaya miki saboda kina jinya, daga baya kuma kina takaba, daga nan sai na rasa ta inda zan fara. An rufe garejin, yanzu kayan sanyi ake sayarwa a wurin. Ina gidan babban yarona, a ɗakin sama. Suna kula da ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Da safe su fita, a bar mini abinci a kula da talabijin da ba na ji. Ina zama a taga ina kallon motoci, in ga wadda tayarta ke rawa, ba wanda zan gaya wa. Tun da na kwanta babu wanda ya tambaye ni komai sai "Ya jiki?" Ke ce kika fara tambayata abin da na sani.

To, saurara. Ki leƙa kalifa ɗin nan. Ƙaramin notin iska, a sama yake ko a ƙasa? Na rantse a ƙasa yake. Kin sa na dama a hagu, na hagu a dama. Iska sama take hawa, ko shekara za ki yi ba za ta fita ta ƙasa ba. Ki musanya su.

Kuma ba sai da mutum biyu ba. Ki sa siririn tiyo a bakin notin, ki tsoma ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan man birki, ki sassauta notin, ki je ki taka a hankali. Iska za ta fita, ba za ta dawo ba. In kumfa ya daina, ki ɗaure. Kada ki bari tulun man ya bushe. Ki haɗa wayar birkin hannu kafin ki sauke motar.

Maganar yaronki kuwa, ba zan ce ki bijire masa ba. Ni dai na huta, na ga yadda hutun yake.

Allah Ya yi miki albarka.
Yayanki

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wuri na zauna. Faɗan da zan yi maka ba na takarda ba ne, na ajiye shi sai mun haɗu.

A ƙasa notin yake. Na musanya, na yi dabarar kwalba, ina takawa ina leƙowa ta taga ina kallon kumfa yana fita. Feda ta yi tauri kamar dutse. Na zaga layi, na taka, sai da goshina ya kusa dukan sitiyari. Na yi ta dariya ni kaɗai a mota.

Mai saye ya zo, na ba shi ruwa ya sha ya koma. Yaron ya yi fushi, zai huce.

Ranar Asabar zan kamo hanya. Ka gaya wa yaranka zan tafi da kai ka kwana biyu wurina. Gidana babu bene, kuma giyar motar tana wani kuka da ban gane ba.

Sai na iso.
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Yara sun yi gardama, na ce musu ba shawara nake nema ba.

Ki taho a hankali, sabon birki sai ya saba da farantinsa. Abu ɗaya: tun da aka hawo da ni ɗakin nan ban sa takalmi ba, an bincika ko'ina ba a san inda aka kai su ba. Ki taho mini da na mijinki, ƙafarmu ɗaya.

Allah Ya kawo ki lafiya.
Yayanki